Wa Ke Biyan Kuɗin Kujerun Gaba?

Tun daga 2016 zuwa yau, duk lokacin da naira ta faɗi, kuka ɗaya muke ji daga kamfanonin jiragen sama masu doguwar tafiya: hanyar Najeriya ba riba, asara suke tafkawa, in ba a yi wani abu ba za su tattara nasu ya nasu su tafi. Sai ministoci su rikice, Babban Banki ya bazama neman dala, jaridu su cika da hotunan manya suna musabaha. Bayan ƙura ta lafa, kamfanin yana nan, ministan yana nan, jirgin kuma yana tashi kamar yadda ya saba. Waɗanda aka sauke su ne mutanenmu: ɗan kasuwar da ke saro kaya daga Dubai ya kasa a kasuwar IBB ta Suleja, tsohuwar da ta yi shekaru tana tara kuɗin kujerar Makka, yaron da ke karatun likita a Alƙahira, magidancin da aka ce ciwon ƙodarsa sai Indiya. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na gaji da jin ana ba da labarinsa daga bakin masu jirgi kaɗai.

Daga nan unguwar Magajiya a Suleja zuwa filin jirgin Nnamdi Azikiwe na Abuja, in hanyar Zuba ta buɗe, da wuya ka cika awa guda. Garinmu ne ya ba babban birnin sunansa. Mu ne Abuja kafin dokar 1976 ta sa muka koma Suleja. Filin yana bakin ƙofarmu, amma kullum ƙara yi mana nisa yake yi. Tikitin Landan da aka yi ta murnar arharsa a 2024 naira miliyan 1.2 ne. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a watan Yulin shekarar naira 70,000 ne. Ma'aikaci zai haɗa albashin fiye da wata 17, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi kujerar da ake kira mai rahusa.

Ban ce sana'ar jirgin sama ɓagas ce ba. Duk wanda ya san harkar ya san ribarta siririya ce. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, tana lissafa ribar masana'antar a kan kimanin dala 7 kan kowane fasinja a 'yan shekarun nan, a Afirka kuwa abin bai wuce wajen dala 1 ba. A shekarar korona, 2020, asarar da suka yi a duniya ta haura dala biliyan 130. Babban jirgin da ke zuwa Landan ko Dubai, man da yake sha da dala ake lissafa shi, kuma man kaɗai yana cinye rubu'i zuwa sulusin abin da kamfani ke kashewa. Hayar jirgin da dala, inshora da dala, kayan gyara da dala, kuɗin ratsa sararin samaniyar ƙasashe da dala. Shi kuwa tikitin da aka sayar a Abuja da naira ne. In kamfani ya sayar da kujera yau, ya kasa mayar da nairar dala sai bayan shekara, kafin nan kuma nairar ta zube, to ya yi asara ta gaske. Na yarda da wannan. Abin da nake tambaya shi ne, a kan wa asarar ta ƙare?

A 2016 farashin ɗanyen mai ya faɗi, ƙasa ta shiga karayar tattalin arziki, dala ta yi wuya, kuɗin kamfanonin waje kusan dala miliyan 600 ya maƙale a nan. Iberia ta Sifen ta tafi a watan Mayu. United ta Amurka ta rufe hanyarta ta Legas a ƙarshen Yuni. A watan Oktoba Emirates ta dakatar da zuwa Abuja, Kenya Airways ta bi sahu a Nuwamba. A lura da kyau: kamfanonin nan biyu ba su bar Legas ba, Abuja suka bari, wato ƙofar da mu 'yan Arewa muke fita ta cikinta. In wuya ta zo, hanyarmu ake fara yankewa, sai ɗan Suleja ya ƙara kuɗin jirgin Legas da kuɗin kwanan otal a kan tikitin da dama ya fi ƙarfinsa.

Ba a koyi komai ba. Bayan shekara shida aka maimaita abin, har ya fi na farko muni. A tsakiyar 2022 Emirates ta rubuta wa ministan jiragen sama cewa dala miliyan 85 nata sun maƙale. A ranar 29 ga Oktoba ta daina zuwa Najeriya ɗungurungum, ba ta dawo ba sai 1 ga Oktoban 2024, kuma Legas ta dawo. Kafin watan Yunin 2023 kuɗin da kamfanonin waje ke bin mu ya kai dala miliyan 850, babu ƙasar da ta kai mu a duniya. Laifin wannan namu ne, kuma yana da mai shi. Babban Banki a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya riƙe dala a kan naira 460 da 'yan kai a hukumance, alhali a wajen 'yan canji tana wajen 750. Duk wanda ke da uwa a gindin murhu ya samu ta gwamnati, ya san ribar da ke jiransa kafin ya fita daga harabar banki. Kamfanonin jirage suka shiga layi, layin bai motsa ba. Bashi ne, kuma abin kunya ne ƙasa kamar Najeriya ta riƙe wa mutane kuɗin cinikinsu.

To amma ga yadda kamfanonin suka rama. A kujerun baya na kowane jirgi akwai matakan farashi da yawa: kujera iri ɗaya, abinci iri ɗaya, amma wanda ya sayi tasa da wuri ya biya kaɗan, wanda ya makara ya biya da yawa. Kamfanonin suka rufe wa Najeriya matakan arha, suka bar na can sama. Wasu suka ƙi karɓar naira. Ejan-ejan na tafiye-tafiye suka yi ta kururuwa ta bakin ƙungiyarsu NANTA, masu hali suka riƙa sayen tikiti daga Akra da Kotonu da Lome saboda a can ƙofar arha a buɗe take. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, ta gangara har ta wuce 1,500 a farkon 2024, kujerar baya zuwa Landan ta haura naira miliyan 3 a wasu kamfanonin. Emefiele bai biya wannan ba. Waɗanda suka ci ribar dalar gwamnati ba su biya ba. Uwar da ɗanta ke karatu a waje ta biya, ta sayar da filinta, ko kuma yaron ya shekara biyu bai ga gida ba.

Su kuwa kamfanonin, dukiyarsu tana da fiffike. In hanya ta lalace, sai a ɗauke jirgin a kai shi wata. A shekarar kuɗi da ta ƙare a watan Maris na 2024, shekarar da ko jirgin fasinja ɗaya na Emirates bai sauka a Najeriya ba, rukunin kamfanin ya bayyana ribar dala biliyan 5.1, wadda bai taɓa samun irinta ba a lokacin. Kamfani yana da inda zai koma. Majinyacin da asibitinsa ke Alƙahira ba shi da shi, maniyyaci kuma ba zai canja alƙiblar tafiyarsa ba.

Yanzu ga abin da ba a son a faɗa. Ribar doguwar tafiya a kujerun gaba take. Alƙaluman IATA na kafin korona sun nuna masu zama a ajin alfarma kimanin kashi 5 cikin ɗari ne na fasinjojin ƙasa da ƙasa, amma kusan kashi 30 na kuɗin shiga daga aljihunsu yake fitowa. Shi ya sa a ƙasashen da ake lissafi, karayar tattalin arziki tana fara dukan kamfanin jirgi ta gaba. Bankuna da masana'antu su hana ma'aikatansu tafiye-tafiye, kujerun gaba su zama wayam, dole kamfani ya sauke farashin baya don ya cika jirgi. Haka ta faru a Ingila bayan rikicin kuɗi na 2008. British Airways ta yi asarar fam miliyan 401 a shekarar da ta ƙare a Maris na 2009, har ta roƙi ma'aikatanta su yi aikin wata guda ba albashi. Can, in ƙasa ta shiga matsi, mai jirgi ma yana ji a jikinsa.

A nan gaban jirgi ba ya zama wayam. Duk wanda ya taɓa ratsa kujerun gaba a jirgin Abuja zuwa Landan yana neman tasa a baya ya san fuskokin da ke wurin. Akwai 'yan kasuwa da ma'aikatan kamfanonin mai, ban musa ba. Amma akwai minista da tawagarsa, gwamna da muƙarrabansa, 'yan majalisa masu zuwa taron ƙara wa juna sani, manyan sakatarori masu zuwa ganin likita. Wanda ba daga aljihunsa kuɗi ke fita ba, ba ya taya farashi. Direban motar haya a tashar Suleja, in ya san mutum biyun gidan gaba sun biya masa kuɗin man tafiya har da riba, ba zai rage wa na baya ko kwabo ba. Wanda ya iya ya hau, wanda bai iya ba ya tsaya a bakin titi. Haka lissafin jirgin Abuja yake. Kuɗin da ke cika gidan gaban kuma namu ne, harajinmu ne da kuɗin manmu. Sau biyu ake cin mu: mu biya wa shugabanni kujerar alfarma, sannan kasancewarsu a wurin ta sa kamfani bai damu da ko mun iya sayen ta baya ba.

Wannan ba zato ba ne. A watan Nuwamban 2011 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta ci British Airways tarar dala miliyan 135, Virgin Atlantic kuma dala miliyan 100, bisa zargin haɗa baki wajen ƙarin kuɗin mai a kan tikiti. Kwamitin ɗaukaka ƙara ya soke tarar a farkon 2012. A shekarar ne minista Stella Oduah ta ba su wa'adi saboda kujerar alfarma daga Najeriya zuwa Landan ta kusa ninka ta Akra zuwa Landan, alhali nisan kusan ɗaya ne. Amsar kamfanonin ita ce kasuwa ce ta kawo haka, akwai masu saye. Gaskiya suka faɗa. Akwai masu saye, kuma mun san su. Wa'adin ya wuce, majalisa ta yi zamanta, ba abin da ya canja, domin waɗanda za su ɗauki mataki su ne abokan cinikin.

Watanni shida bayan an cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da kuɗin mota daga Suleja zuwa Abuja ya sa wasu ma'aikata suka koma kwana a ofis, sunayen 'yan Najeriya 1,411 suka fito a rajistar taron sauyin yanayi na Dubai. Gwamnati ta kare kanta da cewa mutum 422 ta ɗauki nauyi. Mutum 422, a ƙasar da ake ce wa talaka ya ƙara haƙuri! Daga baya shugaban ƙasa ya hana jami'ai tafiye-tafiyen waje da kuɗin gwamnati na wata uku daga 1 ga Afrilun 2024, wanda hakan amsa laifi ne. Wata ukun suka ƙare. A ranar 1 ga Agusta matasa suka fito zanga-zangar yunwa, kuma ƙungiyar Amnesty International ta ce mutum shida aka kashe a nan Suleja a ranar. Ba a yi kwana ashirin ba, shugaban ƙasa ya tashi zuwa Faransa a cikin sabon jirgin fadarsa ƙirar Airbus A330, wanda jaridu suka ruwaito ya ci sama da dala miliyan 100. Ko sadakar arba'in ta yaranmu ba a yi ba. Ba zan manta da wannan ba, kuma ba na son kowa a garin nan ya manta.

Sai batun abin da ya faru a ranar 30 ga Maris na 2024, ranar da Air Peace, kamfaninmu na gida, ta fara tashi daga Legas zuwa filin Gatwick na Landan da tikitin nan na miliyan 1.2. Cikin makonni kaɗan farashin kamfanonin waje ya rikito, wasu har suka sauka ƙasa da na Air Peace. Gaskiya ne naira ta ɗan farfaɗo a makonnin, gaskiya ne kuma Babban Banki ya biya bashin, domin IATA da kanta ta ce kafin ƙarshen Afrilu an biya kashi 98 cikin ɗari, saura dala miliyan 19. NCAA ma ta umarce su tun watan Fabrairu su buɗe matakan arha. Amma man jirgi bai yi arha a dare ɗaya ba, nisan Landan bai ragu ba. Abin da ya canja shi ne an samu mai gasa. Kamfanin da jiya yake cewa ba zai iya sayar da kujera ƙasa da miliyan 3 ba, yau yana sayar da ita a abin da bai kai rabi ba. Ko dai jiya ya zalunce mu, ko kuma yau yana karya farashi da gangan don ya kashe ɗan gida ya dawo da na jiya. Shugaban Air Peace, Allen Onyema, na biyun ya yi zargi. Kowanne ne, mu ne a tsakiya.

Ko wurin sauka sai da aka yi faɗa. British Airways tana sauka a manyan filayenmu biyu, Legas da Abuja, Virgin Atlantic kuma a Legas, a lokutan da suka fi dacewa da su. Namu kuwa aka ce Heathrow ba gurbi. Gurbin sauka da tashi a can dukiya ce da ake saye da sayarwa. A 2016 Oman Air ta biya dala miliyan 75 a kan guda ɗaya na zuwa da komawa. Sai da minista Festus Keyamo ya rubuta wa takwararsa ta Birtaniya a watan Agustan 2024 cewa za a hana nasu Legas da Abuja, sannan magana ta motsa, har Air Peace ta fara tashi daga Abuja zuwa Heathrow a ƙarshen Oktoban 2025. Na yaba masa a kan wannan. Amma ashe makamin yana hannunmu tun da can. Irin wannan rikicin gurbi ne ya sa Arik ta dakatar da hanyar Abuja zuwa Landan tun a 2011. Shekara goma sha uku aka yi kafin wani ya sake ɗaga murya da gaske.

Me ya sa tun farko muka zama ba mu da mai gasa? Domin mun kashe namu da hannunmu. Nigeria Airways, wadda aka kafa a 1958, ta taɓa zuwa Landan da Niyok da Jidda da jiragenta. Cif Obasanjo ya sha faɗa cewa ya bar mata jirage sama da talatin a 1979, ya dawo a 1999 ya tarar da abin da bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Ta daina tashi a 2003, kuma har 2018 tsofaffin ma'aikatanta suna fafutukar haƙƙinsu, da yawa sun mutu suna jira. Virgin Nigeria ta zo a 2005, ta canja suna, ta mutu a 2012. Arik ta fara Landan a 2008, Niyok a 2009, karayar 2016 ta same ta da bashi har wuya, hukumar AMCON mai karɓo basussuka ta karɓe ta a Fabrairun 2017, doguwar tafiyarta ta ƙare. Medview ta gwada Landan, ita ma ta faɗi. Ba na wanke masu kamfanonin nan. Akwai sakaci, akwai almubazzaranci, akwai wulaƙanta fasinja da dukanmu muka sani. Amma wane kamfani ne zai yi gasa da na Turai yana cin bashin banki da kuɗin ruwa na kusan kashi 30 cikin ɗari? Masu ba da hayar jirage a duniya sun sa mu a jerin ƙasashen da ake tsoro, ba a cire mu ba sai 2024. Babban gyaran manyan jirage sai an kai waje a biya da dala. A 2022 litar man jirgi ta tashi daga naira 190 zuwa 700, a ƙasar da ke haƙo ɗanyen mai amma ta kasa tace shi sai da matatar Dangote ta fara aiki a 2024.

Dubi Habasha. Ba ta da arzikin manmu. Ta ga juyin mulki, ta ga yunwa, ta ga yaƙi. Kamfanin Ethiopian ya fara tashi a 1946, kuma har yau mallakar gwamnati ne, sai dai an bar ƙwararru su tafiyar da shi. Da korona ta zo, suka cire kujeru daga jiragen fasinja suka koma dakon kaya, suka tsallake. A shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024 cinikinsu ya kai dala biliyan 7. Mu mutanen yankin nan muna da dalilin tuna su. A watan Maris na 2017, da aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida don gyaran titin sauka, aka ce kowa ya koma Kaduna, British Airways da Lufthansa da Air France duk suka ƙi. Ethiopian ce ta sauka a Kaduna. Tana kuma cikin masu zuwa Kano har yau, garin da jirgin sama ya fara sauka a ƙasar nan a 1925, garin da KLM ta Holan ta yi ta zuwa tun 1947 kafin ta juya masa baya a 2012.

Maimakon mu koyi aikinsu, jirginsu muka aro. Tun a 2018 minista Hadi Sirika ya ƙaddamar da sunan Nigeria Air a bikin baje kolin jirage na Farnborough a Ingila. A ranar 26 ga Mayun 2023, saura kwana uku gwamnati ta sauka, jirgi ya sauka a Abuja da fentin Nigeria Air, aka yi biki, aka ɗauki hoto. Daga baya shugaban riƙo na kamfanin ya tabbatar wa majalisa cewa jirgin na Ethiopian ne, hayarsa aka yi, kuma ya koma inda ya fito. Sabon minista ya dakatar da shirin, kotun tarayya a Legas ta soke yarjejeniyar a Agustan 2024. Sirika yana fuskantar shari'a kan wasu zarge-zargen kuɗi, ya musanta, kotu ce za ta yanke. Abin da ba ya buƙatar hukuncin kotu shi ne an yi shekara biyar ana kashe kuɗin jama'a, babu jirgi ko ɗaya da ya ɗauki fasinja ko ɗaya. Ɗan Arewa ne ya yi mana wannan, kuma ba zan sassauta masa don haka ba.

Inda abin ya fi taɓa gidajenmu shi ne aikin Hajji, domin ita ce doguwar tafiyar da talakan Magajiya yake buri a rayuwarsa. Na san kuɗin kujera ba na jirgi kaɗai ba ne, akwai masauki da abinci da hidimar Mina da Arfa da guzuri. Amma duka da dala ake lissafa su, kuma jirgi babban kaso ne. A 2023 kujera ba ta kai naira miliyan 3 ba. A shekarar ma, da yaƙin Sudan ya rufe sararin samaniyarta, kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 kan kowane maniyyaci saboda zagaye. A 2024 aka sanar wa 'yan Arewa kimanin miliyan 4.7, mutane suka sayar da shanu da gonaki suka cika. A ƙarshen Maris, cikin azumi, hukumar alhazai, NAHCON, ta ce kowa ya ƙaro miliyan 1.9 cikin kwana huɗu. Kwana huɗu, ga tsohon da ya riga ya karkaɗe duk abin da ya mallaka! An ce gwamnati ta zuba tallafin naira biliyan 90, kuma batun wannan kuɗin sai da ya kai gaban EFCC. A 2025 kujera ta haura miliyan 8. A 2024 da 2025 Saudiyya ta ba mu gurbi 95,000, ba mu iya cikewa ba. 'Yan jirgin yawo ma suna kuka, masu Umra sun ragu. Duk shekara kuma babban kaso na alhazanmu Flynas ta Saudiyya ce ke kwashe su, namu irin su Max Air suna raba sauran. Ciniki ne tabbatacce, na dubban kujeru, da ake sanin lokacinsa tun shekara guda kafin ya zo. Ƙasa mai hankali da shi za ta gina kamfanoninta, ta ƙulla yarjejeniyar shekaru, ta saukar da farashi. Mu kullum sai lokaci ya ƙure ake zaman ciniki.

A jiharmu ta Neja abin da aka fi mayar da hankali a kai shi ne allon suna. A 2023 aka sa wa filin jirgin Minna sunan Malam Abubakar Imam, ɗan Kagara, mawallafin Magana Jari Ce. Ba a cika shekara ba, a watan Maris na 2024, aka cire sunansa aka sa na shugaban ƙasa mai ci. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai, kuma bai rage wa maniyyaci ko sisi ba.

Ba na neman a kori kamfanonin waje, muna bukatarsu, kuma duk wanda ya yi ciniki a ƙasarmu a ba shi kuɗinsa a kan lokaci. Ba na kuma neman a sake zuba biliyoyi a wani sabon fenti. Abin da nake nema yana hannun majalisa. Amurka tana da doka tun 1974 da ta tilasta wa duk mai tafiya da kuɗin gwamnati ya hau jirgin kamfanin ƙasarsa in akwai. An daɗe ana maganar irinta a nan, tana yawo daga tebur zuwa tebur. A zartar da ita, kuma a ƙara mata sharaɗi: duk jami'in da zai fita da kuɗin jama'a, daga minista har darakta, kujerar baya zai zauna, in yana son ta gaba ya cika daga albashinsa. Ranar da gaban jirgin Abuja ya fara zama wayam, ranar kamfanoni za su fara neman cinikinmu. A kuma duba harajin da gwamnati ke ɗorawa a kan tikiti, dala 100 na amfani da filin jirgi da kashi 5 cikin ɗari na NCAA da sauran ƙananan caje-caje, domin ba daidai ba ne gwamnati ta riƙa zagin tsadar tikitin da ita ma take yagar rabonta a ciki. Kuma kowace shekara NAHCON ta buga wa duniya nawa aka biya kowane kamfani a kan kowace kujera, kafin a ce wa maniyyaci ya biya.

Ranka ya daɗe sanatan Neja ta Gabas, da kai ɗan majalisarmu mai wakiltar Suleja da Tafa da Gurara: ku gabatar da ƙudirin nan da sunayenku a kai. Kafin nan ku buga mana jerin tafiye-tafiyen waje da kuka yi da kuɗin jama'a tun daga 2023, da kamfanin da kuka hau, da ajin da kuka zauna, da abin da aka biya. In kun zo Magajiya neman ƙuri'a, wannan takardar za mu fara tambaya.